Tsohon jirgi na araha, sabon na kafinta ko na faiba: wanne mai farawa zai saya a Galma

Satin da ya wuce ɗan yayata ya same ni a gida bayan la'asar da zumuɗi, wai kawu na ga jirgi, wani mutum can bayan Dakace zai sayar, kuɗin ma ba yawa kuma har da inji a jiki. Yaron ya ɗan tara kuɗi daga tumatur da albasar da ya yi a fadama, yana so ya riƙa tsallakawa gonar da ke ƙetaren kogin Galma a nan Zariya ba sai ya zagaya ta gada ba, da yamma kuma ya jefa kalli, wato ragar kamun kifi, ko Allah zai sa ya samu na cefane. Na ce masa zauna tukuna, domin ni ma haka na fara, da tsohon jirgin katako na araha, shekara uku ina tare da shi, kuma abun da ya koya min ba ƙarami ba ne. Abun da na faɗa masa ne nake so in shimfiɗa a nan saboda na san ba shi kaɗai ne ke wannan lissafin ba.

Zaɓin da ke gaban mai farawa a wajenmu gaskiya huɗu ne. Ko ka sayi tsohon jirgin katako wanda aka haɗa da falanki, ko ka ba kafinta ya haɗa maka sabo, ko ka nemi kwale-kwalen da aka sassaƙa daga gungume ɗaya, ko kuma in aljihunka da nauyi ka nemi na faiba, wato wanda aka yi da zaren gilashi da gam ba katako ba. Sai maganar inji wadda ita daban ce, zan zo kanta.

Bari in fara da tsohon na katako tunda shi na fi sani. Nawa na saye shi kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin da kafinta ya ce zai haɗa min sabo a lokacin, kuma ranar da na gan shi kyau gare shi, baƙi wuluk yana sheƙi saboda sabuwar kwalta da aka shafe shi da ita tun daga hanci har baya. Ban san cewa sabuwar kwalta a jikin tsohon jirgi ita ce abu na farko da ya kamata ta sa mutum ya tsaya ya duba da kyau ba. Kwana biyu da kawo shi na zo da asuba na tarar ruwa ya kai min idon sawu a ciki, na ɗauki yankakkiyar jarka na yi ta kwashewa, washegari haka, jibi haka. Wani dattijo masunci da ke ɗaure nasa kusa da nawa ya ce yaro kira mutane mu kife shi mu gani. Da muka kife shi a kan yashi ya zaro wata doguwar ƙusa daga aljihu ya fara tsira wa katakon ƙasa, wani wurin ƙusar ta tsaya cak, wani wurin kuma ta shige kamar ana soka ta a dafaffen rogo. Falanki biyu na ƙasa sun ruɓe, an lulluɓe su da langa-langa an bi da kwalta. Ya ce da ka kira ni kafin ka biya da rabin kuɗin nan za ka ba shi, ko ma ka bar masa kayansa.

Toh kaga nan ne araha take zama tsada. Na sayo falanki a 'Yan Katako da ke Sabon Gari, na biya kafinta, na sayi ƙusa da kwalta da auduga ta cusa tsakanin katako, na yi hayar a-kori-kura ta kai kayan bakin ruwa, kafin jirgin ya tsaya da ƙafarsa na kashe kusan abun da na saye shi. Duk da haka in ka haɗa biyun bai kai kuɗin sabo ba, wannan gaskiya ne kuma ba zan ɓoye ta ba don kawai na sha wahala. Abun da ya tafi wanda ba ya dawowa shi ne lokaci, wajen sati uku a tsakiyar lokacin da kifi ke kamuwa jirgina yana kife a kan yashi.

Amma fa akwai alherin da tsohon jirgi yake yi wa mai koyo wanda sabo ba zai yi masa ba. Ba ka jin tsoronsa. Lokacin da nake koyon tuƙi da filafili da gora na buga shi da dutse, na hau da shi kan tudun yashi, na taɓa barin igiya ta kwance ruwa ya tafi da shi sai da aka tare min shi can ƙasa, duk wannan da sabon jirgi ne da na kashe duk abun da na mallaka a kansa da zuciyata ba za ta ɗauka ba. Sannan a jikinsa na koyi cusa auduga a tsaga, na koyi narka kwalta a gwangwani ba tare da ta kama wuta ba, na koyi gane ƙarar lafiyayyen katako da ruɓaɓɓe in an ƙwanƙwasa da guduma, lafiyayye yana amsawa tas, ruɓaɓɓe kuma sai ka ji wani dum kamar ka buga buhun dusa. Yau in jirgi ya fara yoyo ba na neman kowa. Wanda ya fara da sabo yawanci sai bayan shekara biyu ko uku matsala take fara zuwar masa, a lokacin kuma bai san ta inda zai kama ba.

Wani abu kuma da ban sani ba sai da ya faru, jirgin katako da rana ba sa shiri. Shekarar farko da ruwa ya ja baya bayan damina na jawo shi tudu na bar shi a fili, ina ganin gata na yi masa, hunturu ya bi ta kansa bazara ta zo ta ƙarasa, kun dai san zafin Maris da Afrilu a Zariya. Katako ya bushe ya tsuke, tsakanin falanki da falanki ya buɗe har kana hango ƙasa ta ciki, gara kuma ta samu gefen da ya taɓa ƙasa. Dattijon nan shi ya sake ce min a nutsar da shi a ruwa mara zurfi a ɗora masa duwatsu a bar shi kwanaki, katakon ya sha ruwa ya kumbura tsagar ta haɗe, sannan a bi sauran da auduga da kwalta. Haka aka yi kuma ya yi. Wannan matsalar har sabon na katako tana samu, sai dai tsoho ya fi saurin buɗewa domin ƙusoshinsa sun riga sun yi tsatsa sun saki.

Yanzu sabon na kafinta. Fa'idarsa babba ita ce kai ka zaɓi katakonka da idonka, ka san abun da ke ƙarƙashin kwaltar. In ka samu maɗaci ko kawo ka samu katako mai jure ruwa, sai dai nauyi da tsada, kuma samun busasshe mai kyau yanzu sai an tona. In aka haɗa maka da farin katako mara ƙwari saboda sauƙin kuɗi toh sunansa sabo ne kawai, damina biyu zai fara laushi. Matsalar da muke da ita a nan ita ce Zariya ba garin maƙera jirgi ba ne kamar Yawuri ko garuruwan Nufawa na bakin Neja inda sana'ar gado ce, kafintan da ya iya kujera da gado da rufin ɗaki ba lallai ya iya jirgi ba, domin jirgi yana da lanƙwasa da haƙarƙari da yadda ake haɗa bakin falanki ruwa bai shiga ba. Kar ka ba kowa aikin sai ka ga jirgin da ya taɓa haɗawa yana kan ruwa, ka tambayi mai shi shekara nawa. Sannan ka sa a ranka sabo yana cinye kuɗin gaba ɗaya a lokaci guda, sau da yawa mutum ya gama biyan jirgi ya rasa na sayen kalli da mamari, wato zare mai jeren ƙugiyoyi, da igiya, jirgi na ɗaure ba kayan aiki.

Kwale-kwalen gungume ba zan daɗe a kansa ba. Ba shi da mahaɗa balle ta yi yoyo, ba ƙusa balle tsatsa, kuma yana ratsa wuri mai ciyawa da ƙaramin ruwa cikin sauƙi. In na rimi ne ba nauyi amma baya daɗewa, in na maɗaci ne zai daɗe amma mutum ɗaya baya jawo shi tudu. Illarsa ga mai koyo siriri ne, ɗan karkacewa kaɗan ya juye da kai, kuma in ya tsage ta tsawonsa gyaran faci ne kawai har ƙarshen rayuwarsa. Na masunci ne da ya tashi a ciki tun yana yaro, mai jefa ragar birgi a tsaye. Wanda yake son ɗauko kwandunan tumatur daga ƙetare kar ma ya fara.

Na faiba kuwa wallahi abu ne mai daɗi, na shiga na wani sau da yawa. Ba ya ruɓewa, gara ba ta cinsa, baya buƙatar a jiƙa shi, mutum biyu sun ɗaga ƙaraminsa, ga shi da gudu ko da filafili. Amma kuɗinsa ya yi nisa da mai farawa, kuma daga nesa ake kawo shi, kuɗin mota kaɗai abun dubawa ne. In ya daki dutse ya fashe ba auduga da kwalta ba ne maganinsa, sai an samu ruwan gam ɗinsa da zaren faiba da wanda ya iya haɗa su, mafi kusa da za ka samu a gari su ne masu gyaran bamba da robobin mota, wasu sun iya wasu kuma za su liƙa maka abun da zai ɓare bayan wata ɗaya. Tsohon na faiba kuma yana da nasa ɓoyayyen ciwon, allon baya inda ake ɗaura inji yawanci akwai katako a cikinsa an rufe da faiba, in ruwa ya shiga ya ruɓe daga ciki ba ka gani, sai ka kama shi da hannu ka girgiza, in yana motsi ko yana lotsawa a bar shi. Rashin nauyinsa ma yana da illa, iskar hadari tana wasa da shi fiye da na katako, kuma abun da mutum biyu za su iya ɗagawa ɓarawo biyu ma za su iya.

Sai inji, nan ne na fi jan kunnen yaron. Tsohon jirgi ana iya gane ciwonsa da ƙusa da guduma, tsohon inji kuma sai ya shiga hannunka yake faɗa maka gaskiyarsa. A shekara ta biyu na sayi tsohon Yamaha mai ƙarfin doki 15, irin wanda ake haɗa fetur da baƙin mai, a gaban mai shi ja ɗaya ya tashi, ashe ya riga ya ɗuma shi kafin in iso. Da safe in ya yi sanyi sai na ja igiya har kafaɗa ta ƙage. Na kai wa mai gyaran janareta ya wanke kabureta ya canza fulogi, ya ɗan yi dama. Bayan nan sai ɗan ruwan da yake tsartuwa ta bayan inji, wanda ke nuna ruwa na zagayawa yana sanyaya shi, ya daina fita, robar da ke jan ruwan ta cinye, kuma irin wannan robar ba ka shiga kasuwar Sabon Gari ka ce a ba ka, sai an aiko daga nesa ka jira. Da aka buɗe giyar ƙasa man da ya fito fari ne kamar madara, alamar ruwa yana shiga ta wajen farfela. Mai janareta da mai babur za su taimake ka a kan fulogi da kabureta, amma ƙasan injin jirgi ba aikinsu ba ne kuma masu shi ba su da yawa a nan.

Ga kuma mai. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023 lissafin inji ya canza gaba ɗaya, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 a 'yan kwanaki, daga baya ma ta wuce haka nesa. Irin wannan injin kuma ba fetur kaɗai yake sha ba, kowace lita 50 ta fetur tana son lita 1 ta man haɗi, kuma in ka yi ƙwauron man ko ka zuba wanda ba nasa ba fistin ne zai biya. Sai ka tambayi kanka ina za ka je da shi. Galma ba Neja ba ce ba kuma tafkin Kainji ba ne, tsallakawa daga wannan gaɓa zuwa waccan da rani minti kaɗan ne da gora, ruwan ma a wurare da yawa bai kai zurfin da farfela za ta juya ba tare da ta ci yashi ba, ciyawa da leda kuma suna toshe inda yake shan ruwa. Lokacin da inji yake da amfani sosai shi ne Agusta da Satumba da kogi ya cika yana gudu, kuma wannan shi ne ainihin lokacin da bai kamata sabon hannu ya shiga tsakiyar ruwa da tsohon injin da zai iya mutuwa a kowane lokaci ba. Ni na sayar da nawa da asara na koma filafili, kuma abun da nake kawowa gida bai ragu ba.

In kuma mutum ya dage sai da inji, toh ya je da sassafe ba tare da ya sanar ba, ya taɓa kan injin ya ji da sanyi, a tayar a gabansa a cikin ruwa ko a cikin duro, ya ga ruwan nan na tsartuwa da ƙarfi, a sa giyar gaba da ta baya, a kwance ƙusar man giya ya ga kalarsa, a ciro fulogi ya duba. Mai sayarwar da ya ƙi ɗaya daga cikin waɗannan ya riga ya ba ka amsa.

Akwai maganar da ta fi kuɗi, ita ce rai, kuma ba na iya maganar tsohon jirgi ban kawo ta ba. A watan Mayun 2021 jirgin katako ya rabe a kogin Neja kusa da Warra a ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi da mutane sama da 100 a ciki. A ƙarshen Nuwamban shekarar kuma a dam ɗin Watari da ke Bagwai a jihar Kano jirgi ya kife da ɗaliban Islamiyya da za su je Maulidi, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara, Allah ya jiƙansu. A duka biyun an yi maganar lodi fiye da ƙima. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta daɗe tana nanata a sa rigar ceto a daina tafiyar dare, mu a ƙananan ruwa muna ganin kamar da masu manyan koguna ake, alhali ruwan da ya shanye kan mutum ya isa. Tsohon jirgi baya ɗaukar abun da yake ɗauka yana sabo, ko mai shi ya rantse maka. Kuma da zarar ka mallaki jirgi a bakin fadama mutane za su fara cewa ɗan tsallakar da mu, mata da yara da buhuna, kunya za ta hana ka cewa a'a. Ni dokata a tsohon nan ita ce in bakin jirgi bai fi tsawon tafin hannu sama da ruwa ba sai an rage kaya, kuma yaro baya shiga sai da babba. Kuɗin rigar ceto biyu a cire shi tun kafin a fara cinikin jirgi.

Toh wanne zan ce a saya? Ya danganta da mutum, amma ba zan ɓoye ra'ayina ba. In kai sabon hannu ne, kuɗinka kaɗan ne, aikinka tsallaka Galma da ɗan kamun kifi na yamma, tsohon na katako ya fi maka, da sharaɗi uku da ba a sassauta su: a kife shi ka bi ƙasansa da haƙarƙarinsa da ƙusa kai da wanda ya san jirgi, a mayar da shi ruwa a loda masa buhunan yashi ya kwana ka zo da safe ka ga abun da ya sha, sannan kar kuɗinsa ya wuce rabin abun da ke hannunka domin sauran na gyara ne da kayan aiki. Gefen sama in ya lalace ba komai, falanki ɗaya ne a canza. Ƙasa da haƙarƙari in sun tafi jirgin ya tafi, itacen girki kake saye. In kuwa ka riga ka iya ruwa, ka tabbata wannan sana'ar za ka riƙe shekaru, ko kuma za ka riƙa ɗaukar mutane, toh ka daure ka tara ka haɗa sabo da katako mai kyau, domin ran mutane bai kamata ya hau kan facin da ba ka san wanda ya yi shi ba. Faiba sai wanda ke da wurin ajiya mai tsaro da hanyar samun kayan gyara.

Shi ɗan yayata da ya gama saurare ya ce kawu to injin fa, ai shi ne ya ja ni. Na ce masa ka tambayi mutumin nawa zai bar maka jirgin ba inji, in ya ce sai dai a haɗe toh injin yake son rabuwa da shi ba jirgin ba. Ya kira shi a gabana, mutumin ya ɗan yi jim sannan ya faɗi kuɗin jirgin shi kaɗai. Mun yi da shi ranar Asabar bayan sallar asuba za mu je, na riga na gaya wa dattijon nan ya ce zai biyo mu da ƙusarsa, yaron kuma zai nemo samari huɗu da za su taya mu kifewa.